Gadabeji tamu ce, amma mu ne baƙi a cikinta



Akwai raƙuman dawa a cikin jihar Maraɗi. Jihar Maraɗi na ce, nan arewa da Dakoro, cikin gundumar Bermo, a dajin Gadabeji. Tun ƙarshen shekarar 2018 suke can suna miƙa wuya suna cin ganyen itatuwa, har sun fara haihuwa. To ku je ƙofar kowane kolej ko lise a Maraɗi, ko Tasawa, ko Gidan Rumji lokacin da yara suka taso, ku tambaye su inda ake ganin raƙumin dawa. Wasu za su ce Kenya, don a talabijin suka gani. Masu ƙoƙarin cikinsu za su ce Kure, kusa da Yamai. Da wuya ku ji sunan Gadabeji. Ku bar yara ma, ku tambayi samari a fada wajen shan shayi, ko alhazai a bakin kasuwa. Amsar guda ce.

Wannan shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da daji wanda duniya ta san da zamansa, sunansa na cikin takardun Unesco, amma mu da ke jiha ɗaya da shi mu ne baƙinsa. Talaka bai san hanyar zuwa ba, bai san wa ake tambaya izini ba, bai san ko jika nawa ake biya ba. Maganata ɗaya ce yau: a buɗe wa ƴan ƙasa ƙofar Gadabeji, da tsari da doka, a fara da ƴan lakwal. In ba a yi haka ba, duk killacewar da ake yi aikin baban giwa ne.

Bari mu fara da sanin wurin. A shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe fili hekta dubu 76 aka ce na namun daji ne, ba noma, ba farauta, ba saran itace. Fili ne na ciyawa da tuddan yashi, da itatuwa jefi-jefi irin su aduwa da danya da ƙandili. Da damina ruwa yana kwanciya cikin kwari ya zama tabkuna, tsuntsaye su sauka, namun daji su sha, da rani kuma su ƙafe. A wancan lokacin akwai mariri, wannan farin naman daji mai dogayen ƙaho masu lanƙwasa baya kamar takobi. Akwai jimina, akwai barewa iri-iri, akwai raƙumin dawa.

Ina suke? Farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo, bindiga ta yawaita, mota ta shiga daji. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji tun cikin shekarun 1970. Jimina ta bi. Mariri kuwa ƙarewa ya yi ƙurmus, har a shekarar 2000 masana suka sanar cewa babu sauran ko ɗaya da ke yawo a daji a duk duniya, sai waɗanda ke gidajen ajiye dabbobi. Sai a 2016 aka fara maido da shi cikin dajin ƙasar Cadi, daga irin da aka adana a waje. Ku lura da kyau: duk wannan asarar ta faru alhali Gadabeji tana killace a takarda. Hatimi da sa hannu ba su tare harsashi. Abin da ke tsare barewa shi ne idon mutane, da mutanen da za su ji zafi in aka taɓa ta.

A shekarar 2017 Unesco ta saka Gadabeji cikin jerin wuraren da ake son ɗan adam da namun daji su zauna tare ba wanda ya kori wani. Filin da aka shata ya haura hekta miliyan ɗaya da dubu 400, an raba shi uku. Akwai tsakiya, wato tsohon dajin nan na 1955, wanda aka fi tsanantawa. Akwai kewayensa, inda ake yin abubuwa da taka tsantsan. Akwai kuma waje, inda mutane ke zaune da rugagensu da rijiyoyinsu da kasuwanninsu. Kuma duk wurin da ya shiga wannan jeri ayyuka uku ake ɗora masa: kare halittu, kyautata rayuwar mutanen wurin, sai bincike da ilimantarwa. Ilimantarwa fa. Ke nan ganin yaran ƙasa a Gadabeji ba alfarma ce ake roƙo ba, yana cikin alkawarin da ƙasa ta ɗauka da kanta.

Yanzu labarin raƙuman. Irin raƙumin dawan da muke da shi, mai farin jiki da zane ja-ja, da can ya bazu daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk duniya, kuma dukansu a Nijar, wajen Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Hukuma da ƙungiyoyi da manoman yankin suka tsaya, aka hana kisa, cikin shekara ashirin da ƴan kai suka haura 600. Wannan abin alfahari ne da ƙasashe masu arziki ba su iya ba. Amma tara su wuri guda haɗari ne: annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya share su. Ga shi suna shiga gonaki suna cin wake, ga babbar hanya da motoci ke gudu ta ratsa yankinsu. Shi ya sa a watan Nuwamba 2018 ma'aikatan gandun daji, tare da ƙungiyoyin waje masu kula da namun daji, suka kama takwas, aka loda su a manyan motoci, aka yi tafiyar da ta kai kilomita 800 aka sauke su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro huɗu. Raƙumar dawa wata goma sha biyar take ɗauke da ciki, ɗa guda take haifa. Duk wanda ya harbe ɗaya a irin wannan ƙaramin garke ya mayar da aikin shekaru baya.

To duka wannan wahala don wa aka sha ta? Nan ne gizo ke saƙa. Tun fil azal an saba mana da cewa kallon namun daji harkar nasara ce. Nasara ya zo da kat-kat da kamara, ya biya, a raka shi, ya ɗauki hoto ya koma. Ɗan ƙasa aikinsa tuƙi ko rakiya. Har kalmar turist in aka faɗa, farar fata ke zo mana a rai. Ko labarin Gadabeji ka nema a intanet, mafi yawansa da Faransanci ne ko Ingilishi, an rubuta shi don masu ba da tallafi su karanta.

Mun ga inda wannan tsarin ya kai mu. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da mai rakiyarsu, su biyun ƴan Nijar. Aka rufe wurin ga baƙi. Faransa ta shafa wa taswirar ƙasarmu jan fenti, ban da Yamai, ta ce wa mutanenta kada su taka. Masu rakiya da suka dogara da baƙi suka wayi gari hannu rabbana. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023 kuma ƙasashen Turai da dama suka dakatar da tallafinsu. Duk dajin da aka ɗaure rayuwarsa ga aljihun baƙo, ranar da baƙo ya daina zuwa, maraya ne. Yau kowa na cewa zancen ƙasa ne. Na yarda. To raƙumin dawan da babu irinsa ko'ina a duniya sai nan, shi ba zancen ƙasa ba ne? Ko sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa ake kira arzikin ƙasa?

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, bari in amsa tun yanzu.

Na farko zai ce: malam, mutane na fama da abin da za su sa a tukunya, kai kana zancen kallon dabba. Gaskiya ne akwai yunwa. Amma ku duba mi ke cikin Gadabeji: ciyawa, itatuwa, tabkuna. Da su ne makiyayin Bermo ke raye, kuma bisashen da ke cika kasuwannin Dakoro da Sakabal daga irin wannan daji suke fitowa. Dajin da ya riƙe barewa shi ne dajin da zai riƙe saniya in shekara ta yi tsanani. In ya zama fako, raƙumin dawa ba shi kaɗai zai tafi ba. Sannan motar ƴan lakwal guda in ta isa, sai an sayi nono da cuku, sai an dafa abinci, sai an biya mai rakiya. Kuɗin kaɗan ne, amma a hannun mutanen wurin yake faɗawa, kuma ba ya jiran biza ko izinin wata ambasada.

Na biyu zai ce tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, ba na wasa da ita. Ba wanda zai ce a kwashi ƴaƴan mutane a kai su inda hukuma ta ce akwai haɗari. Amma ai tsaro aiki ne da ake tsarawa: a duba lokaci, a duba hanya, a sanar da prefe da jandarma, a tafi da rana a dawo da rana. Mutanen Bermo da Gadabeji suna bin hanyoyin nan kullum, suna cin kasuwa, suna kai yara lakwal, suna zuwa likita. In an ce yau ba hali, to a faɗa a fili, a ce sai wata kaza. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da kalmar tsaro wani bargo da ake rufe kasala da shi. Kuma ku sani, dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa ba fanko yake zama ba, wasu ne ke shiga.

Na uku zai ce: in aka buɗe, mutane za su ɓata wurin, a cika shi da leda da kiɗa, a kori dabbobin. Wannan ya fi kowa gaskiya, kuma saboda shi ne na ce da tsari. Amma a tambaye shi: su wa ke ɓata daji a yanzu? Mai farautar dare ba ya neman izini. Mai kwasar ciyawa ya kai birni ya sayar ba ya sa hannu a rajista. Mai gatari ba ya biyan kuɗin shiga. Wanda ya yar da guntun taba a busasshiyar ciyawa gobara ta tashi ta cinye kiwon shekara, ba shi da mai rakiya. Mun kuma daɗe muna jin labarin manyan baƙi masu kuɗi da ke zuwa da jerin motoci farautar tuji da barewa a dazuzzukan arewa da gabashin ƙasar nan. Ke nan ƙofar a rufe take ga mai bin doka kawai. Malamin lakwal da yaransa talatin su ne za a ji tsoro?

Doka kuwa muna da ita. Akwai dokar 1998 kan farauta da kare namun daji. Akwai dokar kiwo ta 2010 wadda ta yi magana har kan kwasar ciyawa. Akwai tsohuwar dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya filinsu. Ma'aikatan gandun daji ƙalilan ba za su iya zagaye hekta dubu 76 da ido biyu-biyu ba, balle miliyan da wani abu. Suna bukatar jama'a a bayansu. Jama'a kuma ba ta tsayawa bayan abin da ba ta taɓa gani ba. Gani ya kori ji.

Sai maganar makiyaya, wadda ita ce ƙashin bayan komi. Fulani da Abzinawan yankin su ne maƙwabtan dabbobin nan dare da rana. Su suka san tabkin da ke riƙe ruwa har bayan kaka, su ke gane sawun barewa da na dila, su ke fara ganin hayaƙi in gobara ta tashi. In aka ce musu kada shanunku su shiga tsakiya, sannan suka ga kat-kat ɗin baƙo ta wuce da ƙura ba ta bar musu ko dala ba, wa zai ga laifinsu in suka ɗauki raƙumin dawa kishiya? Duk tsarin ziyara da za a yi, su ne za su zama masu rakiya, matansu su sayar da abinci da kayan hannu, ƴaƴansu su fara gani kafin na birni. Wanda ke cin moriyar abu shi ke tsaronsa.

To wane irin tsari? Ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ba ya bukatar proje na miliyoyi.

A sa lokaci: bayan girbi zuwa ƙarshen ɗari, lokacin da hanya ta bushe kuma zafi bai taso ba. Da damina a bar daji ya huta, ciyawa ta yi iri, tsuntsaye su yi sheƙa. A ƙayyade yawan mutane da motoci a rana. Kowace mota ta shiga da ma'aikacin gandun daji da mai rakiya ɗan yankin, ta bi hanya guda da aka shata, don tayar mota a kan yashi tana kashe ciyawa ta bar tabon da ke daɗewa. Ba wuta, ba taba, ba kiɗa, ba leda. Abin da ka shigo da shi ka fita da shi. Ba bin dabba da mota ko babur don a ɗauki hoton da za a sa a Facebook, domin raƙumin dawa in ya firgita ya ruga yana iya faɗuwa ya karye. Ba matsawa bakin tabki da sassafe ko da marece lokacin da dabbobi ke zuwa shan ruwa. Wanda ya karya doka a ci shi tara, ko ɗan wane ne.

A rubuta kuɗin shiga a fili, na ɗan ƙasa daban na baƙo daban, ƴan lakwal kyauta. A ba da rasit. A faɗi kason da ke zuwa ga komin da wanda ke zuwa ga aikin dajin, don kuɗin da ba a san hanyarsa ba shi ke kashe amana. A sa ofis guda, a Dakoro ko Bermo, da wani a Maraɗi, inda direktan lakwal zai je ya rubuta sunan ajinsa a ba shi rana. A yi bayanin duka da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a karanta shi a gidajen rediyo. Tun Maris 2025 aka rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda.

Wanda Gadabeji ta yi wa nisa, akwai na kusa da za a fara da shi. Tafkin Madarunfa na nan kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kuma tun 2019 yana cikin jerin Ramsar, wato wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya. Mutanen Tawa suna da Tabalak, na Damagaram suna da Gidimuni, su ma suna cikin jerin. Lokacin ɗari tsuntsaye na ketare Sahara daga Turai su sauka a irin waɗannan tabkuna, su haɗu da namu na gida irin su zalɓe da balbela da dinya. Malamin kimiyya da ke zana tsuntsu a allo da alli, mi zai hana ya kai yaransa su ga mai rai? Yaron da ya koyi zama shiru a bakin Madarunfa yana kallo ba tare da ya ɗauki dutse ba, shi ne wanda za a iya kai wa gaban raƙumin dawa gobe.

Don haka ina kira da babbar murya. Mai girma gwamnan jihar Maraɗi, da hukumomin Dakoro da Bermo, da shugabannin gandun daji: ku zauna ku fitar da tsarin nan, ku sanar da shi. Shugabannin ilimi: ku sa fita guda a shekara cikin kalandar lakwal, ko da aji ɗaya ne daga kowace gunduma. Sarakuna da arɗo-arɗo da hakimai: ku ne za ku sasanta makiyaya da ma'aikata, maganarku ta fi ta kowa shiga. Alhazan Maraɗi, ku da Allah ya hore wa motoci: gazuwal ɗin kwana biyu da mota guda ba zai girgiza ku ba, kuma ladan nuna wa yaro ikon Allah cikin halittarsa ba ƙarami ba ne. Gidajen rediyo kuma mu ba ma'aikatan daji da makiyayan Gadabeji fili su yi magana da bakinsu.

Mariri ya tafi kakanninmu na kallo, yau sai dai a nuna mana hotonsa. Raƙumin dawa ya tafi, Allah ya sa aka samu masu maido shi, kuma ba kullum ake samun irin wannan sa'a ba. Yaran da ke aji shida yanzu su ne prefe da magajin gari da ma'aikatan gandun daji na shekara ashirin masu zuwa. Ranar da wani mai kuɗi zai zo musu da takarda yana son a yanka masa fili cikin Gadabeji ya kafa garka ko ya haƙa rijiya, abin da zai sa hannunsu ya yi nauyi shi ne sun taɓa tsayawa a wurin sun gani da idonsu.

Wanda ya taɓa zuwa Gadabeji, ko yake zaune kusa da ita, ya faɗa mana a ƙasa yadda hanya take da abin da ya gani. Malaman lakwal kuma ku ce wani abu. Allah ya kare mana dajinmu, ya ba mu damina mai albarka.